Benzofinon: daga maganin tsutsar ciki zuwa allon wayar salula

Assalamu alaikum jama'a. Ku hasko siffar wani sinadari a zuciyarku. Zobe biyu ne, kowanne da kabon shida, sai wani kabon ɗaya a tsakiya da ya haɗa su, shi kuma yana riƙe da oksijin. Kabon 13, haidurojin 10, oksijin ɗaya. Wannan shi ne benzofinon. A ido farin gari ne mai ƙyalli, yana da ƙamshin fure, kuma yana narkewa a zafin digiri 48, wato motar da aka rufe gilasanta aka bari a ranar Samaru ta Zariya cikin watan Afrilu tana iya narkar da shi. Tsohon sinadari ne, tun 1874 wani Bajamushe mai suna Carl Graebe ya yi rubutu a kansa. Bayan shekara uku Charles Friedel da James Crafts suka fito da hanyar haɗa ire-irensa a Faris, hanyar da har gobe ɗaliban kemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello suke haddacewa kafin jarrabawa.

Sai mun ga abin da rana take yi masa kafin mu gane sauran. A narkar da shi cikin isofurofanol, wato sinadarin nan na goge fata, a ɗiga masa asid ɗin asetik ɗigo ɗaya, a toshe kwalbar a ajiye ta a bakin taga inda rana ke bugawa. Bayan 'yan kwanaki za a ga fararen ƙwayoyi masu sheƙi sun taru a jikin gilashin. Kwalbar da aka ɓoye a cikin kabad kuwa tana nan yadda aka bar ta. Giacomo Ciamician da Paul Silber sun ga irin wannan a Bolonya ta Italiya tun 1900.

Abin da ya faru shi ne benzofinon ya haɗiyi hasken UV, wanda ido ba ya gani. Ƙarfin hasken ya ɗaga wani ilektiron nasa zuwa matakin da masana ke kira singilet. Yawancin sinadarai daga nan suke komowa ƙasa nan take. Shi kuwa benzofinon, cikin lokacin da bai kai ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa ba, sai ya zame zuwa wani matakin da ake kira tirifilet, kuma kusan duk ƙwayar da haske ya taɓa haka take yi. A can yana daɗewa, oksijin ɗin nan na tsakiya kuma ya zama mayunwaci, duk haidurojin da ya samu kusa da shi fizge shi yake yi. Ku riƙe wannan halin, don za mu yi ta cin karo da shi.

Bari mu shiga kantin magani. Iyaye da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari sun san mebendazol, ƙwayar tsutsar ciki da ake ba yara, mai miligiram 500 sha ɗaya. Kamfanin Janssen na Beljiyam ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970, daga benzofinon ake gina shi, kuma ƙashin bayan, wato zobban nan biyu da kabon da ya haɗa su, yana nan a jikinsa. Yana lalata wasu siraran bututu a cikin ƙwayoyin halittar tsutsar, ta kasa shan sukari, yunwa ta kashe ta. Akwai ketofurofen na ciwon gaɓɓai, wanda Rhône-Poulenc ta haɗa a Faransa a 1967. Akwai fenofaibiret mai rage kitsen jini. Diyazifam ma, wanda Roche ta fitar da sunan Valium a 1963, daga wani ɗan gidan benzofinon ake somawa kafin a rufe masa zobe na uku. A asibiti da shi ake tsayar da jijjiga, a bakin titi kuwa mun san ɓarnar da yake wa matasa.

Masu ƙera magani suna son wannan ƙashin bayan ne saboda yana da araha, yana da gurabe goma da za a iya rataya masa wani abu, kuma zobban nasa ba a shimfiɗe suke ba, a ɗan murɗe suke, abin da ke taimaka masa ya zauna daram a cikin ramukan furotin. Amma kada a ɗauka duk abin da aka rataya masa lafiya lau ne. Tolkafon, wani ɗan gidan benzofinon da ake ba masu cutar Fakinsin mai sa makyarkyata, an dakatar da shi a Turai a 1998 bayan wasu marasa lafiya sun rasu saboda lalacewar hanta, bai dawo ba sai 2004, da sharaɗin gwajin hanta akai-akai. Shi kansa benzofinon zalla, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, Amurka kuma ta cire shi daga jerin abubuwan da ake sa wa abinci a 2018.

Ga wanda ya fi shafarmu a nan. Ketofurofen na shafawa yana ratsa fata ya zauna. Idan rana ta bugi wurin, zoben nan biyu suna yin abin da suka yi a cikin kwalba, sai dai a jikin mutum. Wasu fatarsu takan yi ja, ta kumbura, ta yi ƙuraje masu ruwa, daidai inda aka shafa. A 2010 hukumar magunguna ta Turai ta ce a daina sayar da shi ba takardar likita, kuma a rufe wurin daga rana har mako biyu bayan an daina shafawa. Ƙasashen da rana ke yi musu rowa ke nan. Ɗan acaɓan da ya shafa a wuyan hannu ya wuni tsakanin Kwangila da Shika fa? Malam mai kemis, idan ka miƙa wannan magani, ka haɗa da wannan gargaɗin.

Abin burgewa shi ne masu bincike sun mayar da wannan aibi kayan aiki. Sau da yawa akan samu sinadarin da ke kashe ƙwayar cuta a cikin kwanon gwaji, amma ba a san wace furotin yake kamawa ba. Sai a ɗaura masa benzofinon a jela, a zuba shi cikin ƙwayoyin halitta, a jira ya je ya zauna inda ya saba. Daga nan a haska fitilar UV mai tsawon zango nanomita 350 zuwa 365. Benzofinon ya farka, ya fizgi haidurojin daga furotin ɗin da ke kusa, su manne har abada. Sai a fasa ƙwayoyin a tsamo su tare, a duba ko wace ce. Ya dace da aikin ne don ruwa ba ya lalata shi, idan bai samu abin kamawa ba yakan koma ya kwanta, a sake haska shi. Tun 1973 ake wannan dabarar, a 2002 kuma ɗakin binciken Peter Schultz a Amurka ya sa ƙwayar bakteriya ta riƙa saƙa benzofinon a cikin furotin ɗinta, a daidai gurbin da aka zaɓa.

Tsirrai ma suna yin nasu. A 1982 an ciro wani mai suna kolanon, mai kashe ƙwayar cuta a kwanon gwaji, daga 'ya'yan itacen namijin goro, ganyen mangwaro ma yana da 'yan gidan. Kashe ƙwayar cuta a cikin kwano daban, warkar da mutum daban, don haka kada a ce mun ce a bar asibiti a koma tauna namijin goro.

Yanzu mu leƙa shagunan waya na PZ. Wayoyin da baƙin allonsu yake baƙi ƙirin, launinsu kuma ya fito tar, allon OLED gare su. Babu fitila a bayansa, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa daga wani siririn shafe na sinadaran kabon. Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak ne suka nuna mai aiki sosai a 1987. Sai dai akwai asara a ciki. Idan lantarki ya tayar da ƙwayoyin, ɗaya cikin huɗu ne ke hawa singilet ya ba da haske. Ukun tirifilet suke faɗawa, su ƙare a zafi. Daga 1998 aka soma ceto ukun da ƙarafa masu nauyi, filatinam da iridiyam. Iridiyam kuwa duk abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan goma ba, yawancinsa daga Afirka ta Kudu.

A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya nuna wata hanyar da ba ƙarfe, ana kiranta TADF, wato hasken da ɗumi ke fitarwa a makare. Tirifilet yana ƙasa da singilet. A yawancin sinadarai tsakaninsu katanga ce, Adachi kuwa ya rage ta ta koma dokin ƙofa, yadda ɗumin ɗaki kawai ya isa ya tura ƙwayar ta taka ta hau, ta ba da haskenta a makare. Ana yin haka ne da haɗa ɓangare mai bayar da ilektiron da ɓangare mai karɓa, a murɗe su kada su kwanta a layi ɗaya. Benzofinon mai karɓa ne, a murɗe yake tun asali, kuma ya saba da hanyar da ke tsakanin matakan biyu. A 2014 mutanen Adachi suka rataya masa masu bayarwa hagu da dama, siffar da su da kansu suka kwatanta da malam-buɗe-littafi. Da sauya abin da aka rataya, launi ya tashi daga shuɗi zuwa kore har ja-ja. Mafi kyawunsu ya fitar da haske kashi 14.3 cikin ɗari na lantarkin da aka ba shi, alhali tsohuwar hanya, wadda singilet kawai ke ba da haske a cikinta, iyakarta wajen kashi 5.

Kada mai sayar da waya ya ce muku akwai benzofinon a allonku. Yawancin waɗannan sinadarai suna ɗakin gwaji tukuna, kuma daɗewar nan a tirifilet ita ce matsalar. Idan aka ƙara wa allo haske, ƙwayoyin da ke jiran hawa sukan yi yawa, su yi karo da juna, ƙarfin ya taru a kan guda ɗaya har ya tsinka ta. Shuɗi ya fi shan wahala, don shi ya fi kowane launi ɗaukar ƙarfi. Shi ya sa a yawancin wayoyin da ke kasuwa ja da kore iridiyam ke ba da su, shuɗin kuwa da tsohuwar hanya ake yin sa.