Kafin a ɗaga guduma: lacca kan duba asbesto a tsofaffin gine-gine

An naɗi wannan lacca ne a taron magina da kafintoci, a wata firamare da ke wajen Ringim.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai unguwa, iyayenmu magina, ƙannena kafintoci, sannunku da zuwa.

Ku ɗaga kai ku dubi silin ɗin ajin nan. Kun ga inda yoyon damina ya ci shi ya dare, har wani farin gashi-gashi yana leƙowa a bakin karayar? To, shi ya tara mu. Irin wannan silin, siminti ne aka kwaɓa da zaren wani dutse, asbesto, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Muddin yana zaune ƙalau, da sauƙi. Amma ranar da zarto ya hau shi, ƙurarsa za ta shige huhu ta yi zamanta. Sai bayan shekara 20, wani ma 40, mutum ya fara haki, a ce fuka ce, alhali ciwon daji ne, wato kansa. Ingila tun 1999 ta haramta asbesto kwata-kwata.

Mai duba gini na ƙwarai ba ya shigowa da guduma. Tambaya yake farawa da ita: yaushe aka yi ginin, wa ya taɓa gyara shi? Sannan ya bi ɗaki-ɗaki yana rubutawa, silin, rufi, tsohon bututun ruwa, wanne ne lafiya, wanne ya fara ruguɓewa.

Kuma ido ba ya yanke hukunci, ko da idona ne. Sai an ɗauki guntu an kai gwaji: a fitar da kowa, a sa takunkumi mai matata, FFP3, ba ƙyallen da muka ɗaura lokacin korona ba. A fesa ruwa ya jiƙu, a ɓalli ɗan guntu da filaya, a sa a leda biyu, a rubuta sunan ɗakin, a shafe gurbin da fenti. Ɗakin gwaje-gwaje ne zai sa shi a madubin likita ya faɗa. Tsintsiya kuwa kada ta kusanci wurin. Jiƙaƙƙen tsumma, shi ma a ƙulle shi a leda.

Na'am, Baba? Guntayen da aka cire, a yi wa kaji akurki? A'a, Baba, don Allah. Na taɓa ganin yara suna zane da gawayi a kai, suna gogewa da hannun riga. Kai kuma ɗan samari, rigar da ka yi aikin da ita, kada ka kai wa Inna ta kakkaɓe a tsakar gida.