Me Ke Sa Fim Ya Yi Ta Jan Ƙafa?

Assalamu alaikum masu kallo. Akwai wata fitowa da kusan kowa ya haddace a finafinanmu. Mota ta tsaya a ƙofar gida, an danna hon, maigadi ya rugo ya buɗe get. Alhaji ya fito, ya saɓa babbar riga, ya taka har falo. Hajiya ta kawo ruwa, an yi sannu da zuwa, an yi ya kasuwa. Minti biyu sun shuɗe, labari yana nan inda aka bar shi.

Wannan shi ne jan ƙafa: lokaci yana tafiya, amma babu abin da ya canza tsakanin mutanen. Gaisuwa ba laifi ba ce, tarbiyyarmu ce. Idan Hajiya ta amsa ta a daƙile, ta kau da kai, to gaisuwar ta yi aiki, mun gane akwai wata a ƙasa. Idan kuwa ba ta ɗauke da komai, edita ya yanke ta, mu tarar da su suna tsakiyar magana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maimaici. Mun ga an yi faɗa da idonmu, sai yarinya ta je ta kwashe labarin ta faɗa wa mahaifiyarta daga farko har ƙarshe, mahaifiyar kuma ta ɗauki waya ta sake faɗa wa ƙanwarta.

To daga ina abin ya samo asali? Kuɗi ne kan gaba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwar kaset ta buɗe, 'yan kasuwa suka gano cewa labari ɗaya zai iya zama kashi na ɗaya, na biyu, har na uku, kowane da kuɗinsa. Yanzu da aka koma finafinai masu dogon zango, YouTube na neman tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ta fara cin kuɗin talla. Sannan tun 2020, sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya sa masa talla a tsakiya. Furodusa ya san haka, sai ya ce a ja.

Amma kar a ɗora wa edita laifin duka. Sau da yawa a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ake ɓata aikin. An kafa kyamara ɗaya daga nesa, an ɗauki fitowar a tashi guda saboda sauri. Babu hoton fuska daga kusa, babu hannun da ke rawa a kan kofin shayi. Idan edita ya cire jimla ɗaya, hoton zai yi tsalle, don haka dole ya bar komai yadda yake. Darakta ya daure ya sake ɗaukar fitowar ta ɓangaren kowane jarumi, ko da zai ci masa ƙarin awa guda, domin edita ya samu inda zai sa almakashi.