Darasi: in za ka sayi tsohuwar wagon, fara dubawa daga bayanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To yau ga mu gaban wata mota, wagon ce, irin mai dogon bayan nan da magidanta ke so saboda yara da kaya. Wani bawan Allah ne yake son saya, ya ce in duba masa kafin ya biya, na ce to bari mu ɗauka kowa ya amfana. Volkswagen Passat ce, amma abin da zan nuna ya shafi ko wacce, ko Volvo V70 ce ko Skoda Octavia ko Toyota Avensis ko Peugeot 406 mai dogon baya, duk tafiyar ɗaya ce.

Tun jiya na roƙi mai motar kar ya tayar da ita sai na zo. Bari in ɗora hannu a bonet... eh da sanyinta, madalla. In ka zo ka tarar inji da ɗumi to ka koma ka dawo gobe da sassafe, domin inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa. Za mu dawo kansa, yanzu ku biyo ni baya.

Yawancin mutane da sun zo sai su ɗaga bonet, ni kuwa a wagon daga baya nake farawa, saboda ba wanda ke sayen wagon don ado. An saye ta ne ta yi dako, kuma bayan ne ya sha wahalar. Ka ja da baya kamar taku goma ka kalle ta daga gefe a ƙasa mai daidai, ka ga ko gindinta ya zauna. Ƙanena matso da kyamarar nan. Kun gani, tsakanin taya da bodi yatsuna uku ne suka shiga a nan, mu zagaya ɗaya gefen... nan ma uku, to sifirin bai karye ba. In gefe ɗaya uku ɗaya gefen biyu, akwai magana. Sai ka danna kusurwar da ƙarfi ka saki, ta taso sau ɗaya ta tsaya, in ta ci gaba da rawa shokozoba ya gama aiki. Masu son Mercedes wagon ku kula, nata bayan yana daidaita kansa da kansa idan an loda kaya, tsofaffin da mai suke aiki, na baya-bayan nan da iska, to irin wannan in ta kwana ka tarar gindinta a ƙasa da safe sai an tayar ta miƙe, yoyo ne, kuma gyaransa ba irin na sifirin ba ne. Leƙa ƙarƙashin bamba kuma ka ga ko akwai ƙugiyar jan tirela, ko ramukan da aka cire ta. Motar da ta yi jan kaya kulochinta da giyabos ɗinta sun ga aiki, ba wai kar ka saya ba, amma ka san da shi.

Yanzu mu buɗe ƙofar but. Ka sake ta a sama ka gani ko za ta tsaya da kanta. Wannan ta ɗan sauko kaɗan, sandunan gas ɗin sun yi sanyi, ƙaramin abu ne minti biyar an canza, amma a canza guda biyun tare kuma kar a yi wasa da shi domin ƙofar nan nauyi gare ta, kan yaro za ta sauka.

To ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Kun ga robar nan mai lanƙwasa kamar maƙogwaro, tsakanin rufin mota da ƙofar but? Duk wayoyin da ke zuwa ƙofar ta cikinta suke bi, na waifar baya, na fitilar lamba, na makulli, na dumama gilas, har da fitilar birki ta sama. Duk buɗewa wayar ta lanƙwashe, duk rufewa ta miƙe, shekara goma sha ana haka, ƙarshe rigar wayar ta tsage, jan ƙarfen ya fito fili ya riƙa taɓa ɗan'uwansa. Wallahi abin nan ya ba ni wahala a wata wagon da na taɓa riƙewa. Kullum in ta kwana biyu ba a tayar ba batir ya mutu. Na canza batir, bai yi ba. Aka ce altaneta ne, aka kwance aka gwada lafiyarsa ƙalau. Wata uku ina fama, ga iyali, ranar da za a kai yaro asibiti da dare mota ta ƙi tashi, abin ya tsaya min a rai. Sai wani dattijo mai rewaya ya ce in kawo mita, ya cire kan batir na baƙar waya ya haɗa mitar a tsakani, muka jira motar ta yi barci. Motar da ke lafiya bai kamata ta wuce wajen miliyamf 50 ba tana kashe, tawa tana jan ninkin haka sau da yawa. Ya dinga zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan na ƙofar baya, lambar ta faɗo. Ya janye robar nan, wayoyi huɗu a tsage, biyu sun manne da juna. Tun daga ranar ba na duba wagon ban janye ta ba. Ga yadda ake yi, ka kama bakin robar ta gefen bodi ka ɗan murza kana ja a hankali, kar ka sa sukundireba ka huda ta, in ta huje ruwa zai samu hanya. Haska tocila. Ka lanƙwasa wayoyin ɗaya-ɗaya da yatsa. Kun ga wannan ruwan ƙasar, ta fara tsagewa. In za a gyara kar a ɗaure a daidai wurin lanƙwasar a naɗe da salatif, zai sake karyewa a wata biyu, a yanke a sa sabuwar waya mai laushi doguwa yadda haɗin zai faɗa can cikin rufi da can cikin ƙofa inda ba motsi. Na maimaita, haɗin ya kasance inda ba ya motsi. Sannan ka mayar da robar ta zauna daram ko'ina.

Ɗaga shimfiɗar but, fito da safaya. Sa hannu a ƙasan ramin. Danshi, laka, tsatsa ko warin ruma, duk alamar ruwa na shiga ne, ko ta robar ƙofa ko ta gefen fitilun baya. Ka kuma duba ƙarfen ko ya yi tamoji ko an yi masa walda, nan ne ake gane motar da aka daka ta baya, domin mai gyaran bodi yana gyara waje ya manta da ramin safaya. A motocin Volkswagen akwai wata farar takarda manne a nan, ga ta, tana ɗauke da lambar inji da lambar fenti da lambar chasis, ɗauke ta hoto. Lambar chasis harafi da lamba 17 ne tun 1981, kuma ba a sa I da O da Q a ciki. Ka gwada ta nan da ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin takardun mota, in ɗaya ta saɓa ka yi sallama ka tafi.

Kujerun baya a kwantar a tayar, bel ɗin kowace kujera a ja shi da ƙarfi a ga ya cije, masu jarirai ku laluba tsakanin kujera ku ji ƙarafunan ISOFIX, wato inda ake maƙala kujerar jariri. Wannan kun san shi.

Taya. Shekarunta na rubuce a jiki, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT. Wannan sati na 32... a'a tsaya, 2319 ne, wato sati na 23 a 2019. Zanenta da saura amma ta tsufa, kun ga 'yan tsage-tsagen gefe. A Turai doka ba ta yarda zane ya gaza milimita 1.6 ba, ni dai motar iyali ba na bari ta kai nan. Shafa hannu ta ciki, in ciki ya cinye waje da saura, ko saiti ne ko bushin ya mutu.

To mu zo inji. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. In ka ga wani farin abu mai kauri kamar madara ya taru, ruwa na haɗuwa da mai, mai yiwuwa gasket ne, kodayake motar da ba ta doguwar tafiya ita ma tana ɗan yin haka, don haka ka haɗa da duba ruwan lagireto, ya ragu? akwai mai yana yawo a samansa? Wannan ruwan hoda ne mai tsabta, alhamdu lillahi. Inji da aka wanke yana ƙyalli ni ba ya burge ni, na fi son in gan shi da ƙurarsa in ga inda yake tsiyaya.

Sai tambayar da ta fi kowace: yaushe aka canza taimin bel? Kar ka karɓi "kwanan nan", ka ce a nuna maka rasit ko sitika mai kwanan wata da kilomita. Yawancin injinan nan in bel ɗin ya tsinke kana tafiya fistin zai daki bawul, aikin ya koma na buɗe kan inji gaba ɗaya. Babu shaida, to ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsa a ciniki. Inji mai sarƙa a maimakon bel kuma ka saurari ƙarar kacau-kacau a sakan biyun farko na tashin sanyi.

Ƙanena shiga ka murɗa makulli, kar ka tayar tukuna. Duk fitilun dasbod su kama, ta inji, ta ABS, ta jakar iska, in wata ba ta kama ba wataƙila an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. To tayar. Ni ina nan wajen salansa. Ɗan farin tururi da safe ba komai, zai wuce. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne, baƙi kuma fetur ko dizal ne ya yi yawa bai ƙone ba. Mita a kan batir, ɗazu volt 12.5 muka gani tana kashe, 12.6 ne cikakke, yanzu 14.1, caji lafiya.

Ga 'yar na'urata ta OBD, mai karanta kod, wato lambobin matsala da kwamfutar mota ke ajiyewa, ramin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16. Motocin Amurka tun 1996 suke da shi, na Turai masu fetur tun 2001, masu dizal 2004. Kar ka tsaya a "ba kod", shiga inda take nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar ta kammala, in yawancinsu ba su kammala ba to kwanan nan aka goge kod ɗin. Masu son sayen na'urar, ƙaramar nan mai haɗuwa da waya ta ishe ku.

Gwajin tuƙi kuwa a kashe rediyo, a bi hanya mai gargada, a taka birki da ƙarfi sau ɗaya, a sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu a taka totur, in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba kulochi na sulɓi. Gurnani daga baya mai ƙaruwa da gudu boris ne.

In ka saya, satin farko ka mai da komai sifili. Baƙin mai da filtarsa, filtar iska, filtar mai, ta cikin ɗaki, man birki, taimin bel tare da famfon ruwa da tenshina a lokaci guda tunda hannu ɗaya ne ke kai wa gare su. Ka samu ɗan littafi ka ajiye a aljihun dasbod, duk abin da aka yi ka rubuta rana da kilomita. Mai kuwa ka bi lambar da littafin motar ya ce, ba kaurin kawai ba, Volkswagen na da nasu lambobin kamar 502 00 na fetur da 507 00 na dizal mai matatar hayaƙi, a bayan galan ake rubutawa. Ni ra'ayina tsohon inji ba na kai shi ƙarshen tazarar da littafi ya bayar, ina canzawa da wuri, kuma ko ba a yi tafiya ba shekara ba ta zagayowa da mai ɗaya. Man birki duk shekara biyu, domin yana shan danshin iska, ranar da ka loda iyali kana gangara birki ya yi zafi sai ka ji feda ta tafi ƙasa. Ruwan lagireto kar a gauraya kala biyu, kar a zuba ruwa zalla, kar a buɗe murfi da zafi, kuma don Allah kar ka bari a cire maka tamostat wai don kar ta yi zafi, a nemo abin da ke sa zafin.

Iskar taya, sitikar na jikin ƙofar direba... a'a a wannan tana cikin murfin tanki, ga ta. Kun ga layi biyu ne, na mutum biyu-uku da na cikakken lodi, kuma na lodin tayoyin baya sun fi yawa sosai. Mutane da yawa ba su taɓa kallon layi na biyun ba, su cika but har rufi da iskar kullum, taya ta yi zafi ta fashe. Kaya masu nauyi a ƙasa, a jingine da bayan kujera, kar su wuce tsayinta sai da raga. Na kan rufi ma da iyakarsa, galibi kilo 75 zuwa 100 har da nauyin kariyar kanta, duba littafinka.

To wannan dai zan gaya wa mai saye a rage masa kuɗin taya huɗu, sandunan but, gyaran waya da taimin bel tunda ba rasit. Ƙanena kashe ta, miƙo min jak mu ɗaga gaban mu girgiza taya mu ji boljoyin, shi za mu nuna a kashi na biyu in sha Allahu.