Shin Duk Jigawa Ƙasar Sarkin Kano Ce A Da?

Assalamu alaikum jama'a. Gardamar nan da ake ta tafkawa a Facebook da teburin mai shayi, wai kafin 1991 duk mutanen Jigawa talakawan Sarkin Kano ne, ku matso mu duba taswira tare.

Mu fara da tsohuwar Jihar Kano, wadda gwamnatin Gowon ta ƙirƙiro a 1967. Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Babangida ya yanke wani ɓangare nata, aka raɗa masa suna Jigawa, hedikwata a Dutse. Yau tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44. Wannan kowa ya yarda da shi.

To ga inda ake zamewa. Jihar Kano daban, Masarautar Kano daban. Sunan ne ɗaya, iyakar ba ɗaya ba ce. A cikin tsohuwar jihar nan, sarakunan yanka huɗu ne: Kano, Haɗejiya, Gumel da Kazaure, kuma babu wanda yake ƙarƙashin wani.

Ku kalli gabas. Haɗejiya tutarta ta karɓo tun zamanin jihadi, Sakkwato take bi kai-tsaye. Sarki Buhari ma har Sakkwaton ya juya wa baya. A 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka gwabza a cikin gari, nan ya rasa ransa. Wallahi duk lokacin da na ji an ce wa Bahaɗeje "ai ku ƙauyen Kano ne", raina yana sosuwa. Gwada faɗin haka a kasuwar kifin Haɗejiya, ka ga yadda dattawa za su ajiye ciniki su zaunar da kai karatu.

Mu hau arewa, bakin iyakar Nijar. Gumel sarautar Mangawa ce, Barno ta bi, ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, balle Kano. Kazaure kuwa, Ɗantunku, wanda ya kafa ta, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta.

To ina gaskiyar masu cewa ƙasar Kano ce? Ga ta nan. Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Jahun, Ringim, Ɓaɓura, waɗannan hakimansu Kano suke zuwa hawan salla. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Sai da aka yi jiha sannan Dutse ta dawo, aka kuma kafa Masarautar Ringim. Masarautun Jigawa biyar ke nan.

Ku ƙirga da ni. Haɗejiya ƙananan hukumomi 8, Dutse 7, Gumel, Kazaure da Ringim kowacce 4. Na Dutse da Ringim, 11, su ne aka ciro daga Masarautar Kano. Sauran 16 jiha kawai suka haɗa da Kano.

Saboda haka in gardamar ta sake tashi, fara tambayar mutum garinsu. In ya ce Kiyawa ko Taura, harajin kakansa Kano aka kai. In ya ce Maigatari, Gumel aka kai.