Sharhi: Lita Shida A Takarda, Nawa A Hanyar Kusiri?

Jama'a masu saurare, har yanzu dillalan mota a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru na buga ƙirji: "Wannan lita 6 take sha a kilomita 100, Turawa ne suka auna." Wasu ma kira suke a kwafo ƙa'idar Turai ta shan man mota sukutum a ɗora mana. To, a ina aka auna?

A cikin ɗaki aka auna! Ana ɗora motar kan wasu ƙarafa masu juyawa, tayoyi na gudu, mota na tsaye. Gwajin shan mai da ake kira WLTP, wanda Tarayyar Turai ta soma a 2017, minti 30 ne, kimanin kilomita 23, a ɗaki mai digiri 23, na'urar sanyaya mota a kashe. Wanda ya gabace shi, NEDC, sai da tazarar takarda da titi ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari kafin a jingine shi.

Amurka kuwa, da ke da dokar CAFE ta ƙayyade shan man motoci tun 1975, kwamfuta hukumarta ta kiyaye haɗurran hanya, NHTSA, ke ɗura wa hasashe: farashin mai nan gaba, tafiyar mota a shekara, tsadar sabuwar fasaha, har da ƙarin yawon da direba zai yi idan motarsa ta rage shan mai. Da direban Amurka aka yi duk wannan lissafi, ba da Malam Direba na tashar Mora ba.

A nan, zafin Afrilu ya haura digiri 40. Ramukan hanyar Kusiri sun ɗaure ka a giya ta biyu. Ƙura ta toshe matatar iska, lodi ya danne bayan mota, man kuma zuwa-zuwa ne, wato na fasa-ƙwauri da ake sayarwa a kwalba. Idan na'urar da ke auna iskar salansa ta mutu, kwamfutar injin sai ta riƙa kwarara mai fiye da ƙima. A Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840, don haka ƙarin lita 3 kacal sefa 2,520 ne a kowane kilomita 100.

Wai da babu gara ba daɗi? Haba! Alƙaluman da ba naka ba asara suke jawo maka.

A auna a nan. A cika tanki fal, a rubuta lambar mita, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litar da kilomita, a ninka sau 100. Hukumomin sufuri su yi haka a kan motocin haya da babura, rani da damina, kafin kowa ya rubuta mana wata doka.