Litinin ta farko bayan ajiye aiki

Binta: Tun da muka taɓo maganar fansho a shirin da ya wuce saƙonni ke ta shigowa, kuma abin mamaki yawancinsu ba kan kuɗi suke ba.

Malam Isa: Ai na faɗa muku. Kowa lissafin garatuti yake yi, ba mai lissafin safiyar Litinin. Yayana da ya ajiye aiki, Litinin ta farko ƙarfe bakwai ya yi wanka, ya shirya tsaf, ya ɗauki makullin mota, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ina za shi?

Auwal: Sai ya koma ciki?

Malam Isa: Ya koma ya buɗe ofis a falo! Yaro ya zo neman kuɗin littafi, ya ce a rubuto masa.

Binta: Kai, Malam!

Auwal: Kwafi biyu ke nan, Anti Binta, ɗaya a ajiye a fayil.

Malam Isa: Har da "a dawo gobe". Matarsa dai ta ce ko ya nemi abin yi, ko ita ma ta rubuto takardar ritaya daga auren.

Auwal: Wa zai sa mata hannu?

Binta: Shi mana, amma sai ta dawo gobe.

Malam Isa: To ku bar dariya. Lokacin da shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai ka kai shekara 70 za ka fara karɓa, ma'aikata da yawa ba sa kaiwa. Yau mutum ya bar aiki yana da 60, mai yiwuwa shekara 20 na jiransa a gaba. Shekara 20 fa! Kujera da rimot ba za su cika ta ba.

Binta: Ni abin da nake gani...

Malam Isa: Bari in ƙarasa. Akwai binciken da Jami'ar Harvard ta fara tun 1938, tana bin rayuwar mutane har tsufansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane na riƙe lafiya da farin ciki. Alhali abokan da yawanmu na wurin aiki ne. Ka miƙa makullin ofis, wayarka ta yi tsit. Shi ya sa nake cewa tun da sauran shekara biyar ka fara abin da wani zai riƙa jiranka dominsa, koyarwa ce, lambu ne, aikin sa kai ne, ko ma mene ne, matuƙar in ba ka zo ba za a kira a ce lafiya?

Binta: Da ma motsa jiki zan ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako.

Auwal: Ni kuma matakai uku na rubuto, na farko...

Binta: Auwal, lokaci ya ƙure.

Malam Isa: A rubuto.