Shafaffen Kwabo da Hudajjiyar Dala: Yadda Ake Karanta Lahanin Tsohon Kuɗi

Ku duba wannan kwabon. Rubutun da ya kewaye shi ya kusa shafewa, bakinsa ya lotse, ga kuma huda a tsakiya. Wanda bai sani ba zai ce lahani uku ne. Biyu ne. Hudar da ita aka ƙera shi.

Kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (ɗaya bisa goma na kwabo) na zamanin Turawa, waɗanda aka fara buga kwabo da anini tun 1907, ɗari kuma a 1911, duk da hudarsu suka fito, domin a zura su a igiya kamar yadda aka saba yi da wuri. Kwabon Tarayyar Najeriya na 1959 ma haka yake. To abin da mai tara lalatattun kuɗi zai fara koya ke nan: ya bambance abin da ya faru a gidan buga kuɗi da abin da ya faru a hannun mutane. Na farko kuskuren bugu ne, yana ƙara daraja. Na biyu lahani ne, yana karya farashi, shi ya sa ma mai ƙaramin ƙarfi ke iya shiga wannan harka.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai auna ɗaya bisa ɗari na giram, irin na masu gwal, gilashin da ke ƙara girman abu sau goma, maganaɗisu, da fitila. Ku haska fitilar daga gefe, kada ku haska ta sama, sai inuwa ta fito da ragowar rubutun da ido bai gani ba. A kan kuɗin Turawa ku nemi ɗan ƙaramin harafi, H ko KN. Alamar masana'antu biyu ce na Birmingham a Ingila. Idan kuka ga 1936, ku karanta sunan sarkin da kyau, don an buga kwabo da ɗari da anini da sunan Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan mulki ba.

Yanzu huda. Ta gidan bugu santsi gare ta, bakinta a daidaice ta fuska biyun, launin cikinta ɗaya da na jikin kuɗin. Wadda aka yi da ƙusa kuwa, ƙarfen ya lotsa ta inda ƙusar ta shiga, ya yi tozo ta inda ta fita. Haka ma guntulewar baki. Idan tun wajen yankan ƙarfe aka samu kuskure, gefen da ke fuskantar gibin ma zai fito a raunane, rubutun da ke kusa da gibin yana dusashewa a hankali. Idan almakashin maƙeri ne, yankan a tsaye yake, rubutu ya katse farat ɗaya.

Dala ta fi kowanne shan wahala, wato azurfar nan mai hoton Maria Theresa ta Austiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa. Mata sun rataya ta, maƙeran fari sun narka ta sun yi mundaye da zobba. Shi ya sa da wuya ku samu wadda ba a huda ba, ko ba a liƙa mata kunne ba. Kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ku. Tun rasuwar sarauniyar a wannan shekara ake ta buga ta da lamba ɗaya, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay, har yau ma ba a daina ba. Cikakkiyarta giram 28 ce da ɗigo, azurfar da ke ciki kashi 833 cikin 1000. Ƙaramar huda da gogewa ba sa cin abin kirki, don haka idan sikeli ya nuna 24 ko 25, ko dai an kankare gefenta ko jabu ce. Ku juya ta ku duba kaurin bakin, akwai rubutu a kewaye. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla da dalma ma, saboda haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Gogewa kuma daga tudu take farawa: gashin kai, kunci, da 'yan duwatsun maɓallin da ke kafaɗarta. Idan tudun na nan daram amma filin ya cika da ƙananan ramuka, zubi aka yi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wanki. Lemun tsami, tsamiya, toka, yashi, soson ƙarfe, duk abin da ake goge tukunya da shi, ku nisanta shi da tsohon kuɗi. Tsami yana cinye fatar ƙarfen ya bar shi ja-ja-ja, toka kuma ta bar zane-zane da gilashi ke nunawa ɓaro-ɓaro. Baƙin da azurfa ta yi da ruwan ƙasan da tagulla ta yi kariya ne. Idan laka ce ta daskare, a jiƙa a tataccen ruwa na kemis, ana canzawa kullum har mako guda, a tsokane da tsinken sakace, a ɗora a kan tsumman auduga ya bushe sarai.

Kore kashi uku ne. Mai tauri da santsi, wanda farce ba ya kankarewa, a ƙyale shi. Mai danƙo daga leda mai laushi yake zuwa, irin ta PVC, idan zafi ya sa ta yi gumi. Wannan a tsoma a asiton zalla na minti biyar zuwa goma, nesa da wuta, ban da na goge farce don akwai mai da turare a ciki. Na ukun shi ne mugun: kore mai haske, gari-gari, ana sharewa yana dawowa. Gishiri ne ya shiga ƙarfen, laima na tayar da shi, yana rarake kwabo har ya yi rami. Kuɗin da aka tono a ƙasa sun fi kamuwa. A ware shi daga sauran nan take, a kaɗe garin da buroshi mai laushi, a yi ta jiƙo a tataccen ruwa na makonni, a busar, a rufe a kwalba tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi. Da damina a riƙa leƙawa duk mako.

Kuɗin 1991, irin naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, wasu kuma da jan ƙarfe. Maganaɗisu na kama su, kuma da rufin ya tsage tsatsa ta shiga, sai dai a hana ta ci gaba.

Ajiya kuwa, kowane ɗaya da ambulan ɗinsa ta takarda, kada a zuba su gwangwani guda suna gogar juna. A riƙe ta gefe, don gumin yatsa na barin tambari. A bayan ambulan a rubuta shekara, nauyi, inda aka samo, da irin lahanin: huda ta ƙusa, tabon liƙi, ƙuna, ko cin ƙasa.